Zaren da ya ƙi tsayuwa a masaƙa: lamarin wata mai kaɗi a Aboabo, Kumasi

## Asalin lamarin

Matar ta haura shekara hamsin, tana zaune a Aboabo, ɗaya daga cikin zangunan Kumasi. A hannun kakarta ta koyi kaɗi tun tana yarinya: a gurje auduga da sandar ƙarfe a kan dutse, a shiɓe ta da baka, a yi sutu, sannan a kafa mazari mai gululun yumɓu a cikin ƙoƙo, ana shafa alli a yatsu. Ta ajiye sana'ar shekara da shekaru, kamar akasarin matan zango tun da zaren kamfani ya cika kasuwa.

Wani masaƙi ɗan arewa ne ya dawo da ita. Yana saƙa ƙyallen batakari mai faɗin inci huɗu, masu saye kuma suka fara tambayarsa saƙar zaren hannu irin ta Daboya da Yendi, garuruwan arewacin Ghana. Batakari riga ce mai daraja a Ghana, ita Kwame Nkrumah ya sa lokacin da ya ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, kuma wadda aka saƙa da zaren hannu ta fi nauyi a kafaɗa, ta fi tsada.

Zare iri biyu masaƙin yake so. Akwai na tsaye, siriri mai murɗi sosai, wanda ake wadari da shi. Akwai abawa, mai kauri da laushi, wadda ƙoshiya ke gilmawa da ita. Rabi fari, rabi rinannen shuni. Audugar daga wajen Tumu ake kawo mata da anguryarta, kilo uku yakan ba da kusan kilo ɗaya na gurjajjiya. Tsawon silinta inci ɗaya ne ko ƙasa da haka kaɗan.

Zaren da ta fara kai masa na mazari ne, bai kuma yi ƙorafi ba. Damuwar ita ce jinkiri, domin kafin ta tara na riga ɗaya an yi makonni. Ɗanta da ke aiki a Jamus ya ji labari, ya sayi keken kaɗi na gwanjo, ya sa shi cikin kayan da ake turowa ta jirgin ruwa.

## Nuwamba zuwa Disamba: keke ya iso

Keken na katako ne mai mataki ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Igiya tana tasowa daga babbar ƙafa ta juya kwarkwaro kai tsaye. Kewaye da kwarkwaron akwai fiffike mai jerin ƙugiyoyi, da birkin fata da ke danne shi. Zare yana shiga ta wani rami a gaba, ya bi ƙugiyoyi, ya naɗu.

A makon farko keken fizge sutu yake yi daga hannunta kafin zare ya kama. Ta gane cewa in ta saki auduga da yawa, zaren ya yi kauri, yana jure fizgar. Da haka hannunta ya saba, aiki ya yi sauri nesa ba kusa ba. Cikin Disamba ta kai wa masaƙi ɗauri na farko na zaren keke.

An yi wadari lafiya. Da aka ɗora dutse a kan kunkuru, wato katakon da ke riƙe ƙarshen wadari, wadari ya miƙe, sai zare ya fara rabuwa a bayan allera, abin da ke ɗaga zaren tsaye ya sauke shi, sau da yawa a kowane yadi. Bakin inda ya rabu ba a datse yake ba. Ya yi buzu-buzu, ya tsawaita, alamar silin auduga sun zame daga juna ne. Masaƙin ya kwance wadarin ya ce mata: "Mma, wannan ai abawa ce kika kawo mini. A ƙoshiya ba ta da laifi, amma ba za ta tsaya ba."

## Janairu zuwa Fabrairu: gyaran da bai kai ba

Da farko an ɗora laifin a kan hunturu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin auduga tana ƙara ƙarfi in ta sha danshi, tana yin gautsi in iska ta bushe. Aka riƙa yayyafa wa wadari ruwa. Rabuwar ta ragu na ɗan lokaci, da ya bushe ta dawo.

Sai aka ƙara sitacin rogo, aka dama shi da kauri. Zare ya sandare, ya tsaya na yadi ɗaya ko biyu, daga nan gogar allera ta kankare sitacin ya zube gari-gari, wasu zarurrukan kuma suka manne da juna suka hana bakin da ƙoshiya ke bi buɗewa. An canza auduga, aka sayo wadda injin ya gurje. Babu abin da ya sauya.

A wajen keken ta gwada abu uku. Ta cire birkin fata ɗungum, fizgar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ta riƙa ratsa zare daga ƙugiyar wannan hannun fiffike zuwa ta wancan kafin ya sauka a kwarkwaro, dabarar da masu kaɗi ke yi don rage ja, ita ma ta taimaka kaɗan. Ta ƙara saurin taku, sai gwiwa ta fara ciwo, keken kuma yana tafiya a kan siminti.

Abu ɗaya ne ya hana tsinkewa: tufka zare biyu. Zaren ya yi ƙarfi, sai dai ya yi wa matsefi kauri, ƙyallen ya fito da tauri, aikin kuma ya ninka, tunda kowane yadi sai an kaɗa shi sau biyu sannan a tufke. Saurin da aka sayi keken dominsa ya tafi ke nan.

## Maris: rini na farko

Ana cikin wannan sai ta shiga rinin abin da ta tara. Hanyar da matan da ke rinin batik ke bi ta ɗauka: garin shuni na kamfani, da kostik soda, da haidros, hodar da ke sa shuni ya narke a ruwa, duk ana samunsu a kasuwannin Kumasi. Ta zuba shuni gram 50 a ruwa lita 10 don ya yi duhu tashi ɗaya, a cikin tukunyar alminiyam. Kowane ɗauri ta ƙulle shi tamau a wuri uku kada ya harɗe. Ta jiƙa shi sama-sama, yana ta yawo a kan ruwa, ta danna shi cikin rini ta bar shi rabin awa.

Da ya bushe, waje ya yi baƙi-baƙi, amma in aka warware murɗin cikinsa fari ne. Wuraren ƙulli sun bar farin zobe. Launi ya yi dabbare-dabbare, kuma duk hannun da ya taɓa sai ya yi shuɗi. Aka ce ta sa gishiri, ta sa, bai hana zuba ba. Ta ƙara shuni, zubar ta ƙaru. Cikin tukunyar ya yi ramuka-ramuka, domin kostik soda yana cin alminiyam. Ga babbar damina ta kama, farin zaren da aka yi wa sitaci aka shanya a ɗaki ya fara fumfuna.

## Afrilu: awo

Wani maƙwabcinta, dattijo da ya yi ritaya daga wata masaƙar kamfani a Tema, shi ya ce a daina gyara sai an auna. Kayan awon kuwa alli ne, da tef ɗin tela, da ƙaramin sikeli.

Ya yi wa babbar ƙafa alama da alli, ya ɗaura jan zare a fiffike, ya juya ƙafar zagaye ɗaya a hankali yana ƙirgawa. Fiffike ya zagaya sau 6. Wato kowane taku murɗi 6 yake bayarwa.

Sannan ya kama inci ɗaya na zare tsakanin yatsu, ya warware shi yana ƙirga juyi har silin suka kwanta a miƙe. Ya maimaita a wurare goma, tunda zaren hannu ba ya zama bai ɗaya. Na keke ya ba da murɗi 7 zuwa 8 a inci. Ragowar na mazari ya ba da 16 zuwa 18.

Ya auna mita 100 na zaren mazari, ya zo gram 6, abin da a lissafin masaƙun kamfani ake kira lamba 10. Ƙa'idarsu ita ce a nemo adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da lambar zare, a nan 3 da ɗan ɗoriya, a ninka shi da 4 zuwa 4.5 in zaren tsaye ne, ko 3 zuwa 3.5 in na gilmawa ne. Zaren tsaye lamba 10 yana son murɗi kusan 14 a inci. Na hannu, da yake yana da kauri a nan siranta a can, murɗi kuma yana gudu zuwa wurin siranta ya bar mai kauri a sake, gara a kai shi 16.

Lissafin ya fito fili. Yadi ɗaya inci 36 ne, sau 16, murɗi 576. A keke mai ba da 6, taku 96 ke nan kafin a samu yadi guda, kuma duk tsawon lokacin keken yana jan zaren da bai gama kamawa ba. An ƙera irin wannan keke ne don gashin tumaki, wanda silinsa yakan kai inci uku zuwa shida, yana da lanƙwasa da ke sa shi riƙe juna ko murɗi bai yi yawa ba. Silin auduga gajere ne mai santsi, murɗi kaɗai ke riƙe shi.

Awon ƙarshe na rini ne. Ya yanki guntun farin zare ya jefa a kofin ruwa. Bayan minti goma yana nan a sama. Ɗanyar auduga tana da kaki da wasu sinadarai a jikin sili masu korar ruwa, kuma inda ruwa bai shiga ba rini ba zai shiga ba.

## Mayu zuwa Yuni: keken mazari

Hanya uku aka duba. Wasu kamfanonin kekuna suna sayar da fiffike mai sauri da ke kai murɗi 30 zuwa 40 a taku, amma ba a samu wanda zai hau wannan tsohon keke ba. Akwai carka ta Indiya, keken kaɗin auduga da Gandhi ya yaɗa, wadda ƙaramarta mai shiga akwati take ba da kusan 70 a juyi ɗaya, sai dai odarta da kayan gyaranta daga waje ne. Ta uku ita ce a ƙera a gida. Da ma masaƙin yana da na'urar naɗa kwarkwaro da aka yi da ƙafar keken hawa, kamar masaƙa da yawa a Ghana, kuma tsakaninta da keken kaɗi mai mazari ba nisa.

Aka samo ƙafar keken hawa mai lamba 26, aka cire taya da tub, faɗin bakin ƙarfen ya zo inci 22. Wani kafinta a unguwar Sokoban ya yi gindi da katako mai nauyi, tsawonsa ƙafa uku, da ginshiƙai biyu a gaba. Wani mai walda a unguwar Suame ya sa hannun juyawa, ya yanko sandar ƙarfe mai kaurin milimita 3, tsawon inci 9, ya fiƙe bakinta, ya sa mata ɗan gargare mai tsagi wanda faɗinsa a cikin tsagin rabin inci ne. Inci 22 a raba da rabin inci ya ba da 44. Yadin da ke cin taku 96 ya koma juyi 13. Babu fiffike, babu birki, don haka babu abin da ke jan zare sai hannun mai kaɗi.

Ƙirar farko ba ta yi ba. Zafin walda ya lanƙwasa sandar kaɗan, bakinta yana kaɗawa, zare yana suɓucewa daga tsini. Aka sake wata, aka mirgina ta a kan gilashi don tabbatar da miƙewarta, aka manne gargaren da gam mai ƙarfi maimakon walda. An fara sa boris ɗaya, sandar tana rawa, sai aka koma wa hanyar gargajiya: madaukai biyu na fata mai kauri, inci uku tsakaninsu, ana ɗiga musu man keken ɗinki. Igiyar leda da aka fara sawa tana zamewa a tsagi, murɗi yana raguwa ba a sani ba. Aka maye ta da igiyar auduga siririya da aka goga wa kakin zuma, aka ɗinke bakinta maimakon ƙulli, domin ƙulli yana tsalle a ɗan gargare. Igiyar auduga tana tsukewa da danshi, tana saki da hunturu, shi ya sa aka bar ginshiƙan gaba a kan tsagi mai kusoshi biyu, a matsa su gaba ko baya.

Koyon bai ba ta wahala ba, domin hannun hagu aikinsa na mazari yake yi. Dama tana juya ƙafa, hagu tana ja da sutu baya, zaren yana fita daga tsini a karkace, ba a miƙe da sandar ba, ba kuma a gicciye ba. In hannu ya kai iyakarsa, kimanin yadi ɗaya, sai ta danne bakin zare kada murɗi ya shiga sutu, ta ƙara juyi biyar ko shida. Daga nan ta mayar da ƙafa baya kaɗan don kwance abin da ya naɗe a tsini, ta kawo hannu gicciye, ta naɗe. Wannan ƙarin juyi bayan an gama ja shi ne mafi sauƙin mantawa, kuma shi ke bambanta zaren tsaye da abawa. Aka zana kibiya a gindin keken don a riƙa juyawa ɓangare ɗaya kullum, daidai da murɗin mazarinta.

Keken ya kuma fallasa wani rauni. Da sauri irin wannan, duk ƙullutu ko ɓawon angurya da ya rage a sutu sai ya tsinka zare. Dole ta koma shiɓa sau biyu, tana naɗa audugar a kan tsinke mai kaurin fensir, ta matse ta, ta zare tsinken. A ƙarshen Yuni awo ya nuna 15 zuwa 17 a inci.

## Yuli zuwa Agusta: dafa zare, sannan rini

Kafin a taɓa sauran zaren, an raba ɗauri guda biyu. Rabi aka dafa, rabi aka bari, aka tsoma su a rini ɗaya lokaci ɗaya. Dafaffen ya rinu har ciki, ɗanyen ya fito kamar na Maris.

Ga yadda dahuwar take. Zare gram 500, ruwa lita 15, sodar wanki gram 20, garin sabulu cokali ɗaya, a tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Ana barinsa yana tafasa a hankali awa ɗaya zuwa biyu, ana danna shi ƙasa. Ruwan yakan koma kalar shayi. In ya yi duhu sosai a sake sabo. Jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace tana iya maye gurbin sodar, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, don haka gwajin kofi ne alƙali: guntun zare ya nutse nan take. Zare yakan rasa kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinsa a dahuwa, abin lura ga mai sayarwa da awo. Dahuwar tana kuma kwantar da murɗi, zare ya daina nannaɗewa. Ɗauri kuwa aka rage shi zuwa gram 100, aka ɗaure a wuri huɗu da sako-sako, zaren ɗaurin yana ratsawa ta tsakiya, yatsa biyu suna shiga.

Rinin ya koma bokitin roba mai murfi. Ga lita 10: shuni gram 20, kostik soda gram 20, haidros gram 40. Ana dama shunin da ɗan ruwan ɗumi har ya zama kunu marar gudaji. A narka kostik a lita ɗaya na ruwa, shi ake zubawa cikin ruwan, ba a zuba ruwa a kansa, da safar hannu ta roba, a fili inda iska ke kaɗawa, yara kuma su yi nisa. A haɗa da shunin, a barbaɗa haidros, a rufe minti 30 zuwa awa ɗaya da ɗuminsa, sannan a juye a hankali cikin sauran ruwan. Alamar ya nuna ita ce saman ya yi kumfa da sheƙin jan ƙarfe, ƙasan kuma ya zama rawaya mai ratsin kore. In ƙasan shuɗi ne, bai nuna ba, ko haidros ya tsufa.

Dalilin duk wannan shi ne shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an raba shi da iska yake narkewa ya shiga sili, in ya fito ya sha iska ya koma shuɗi ya maƙale a ciki. Abin da ruɓar baba da toka ke yi cikin kwanaki a ramukan Daboya da na Ƙofar Mata a Kano, shi haidros ke yi cikin awa. Rini mai kauri da doguwar tsomawa suna tara shuni a bayan zare ne kawai, shi ne ke zuba. Gishiri ba shi da aikin yi a nan.

Saboda haka aka koma tsomawa gajeru. A matse jiƙaƙƙen zare, a sa shi a hankali ba tare da kaɗa ruwa ba, a murza shi a ƙarƙashin ruwa minti biyar a karon farko, minti biyu a na baya. A matse shi dab da saman ruwa kada ya ɗiga ya shigar da iska, a buɗe shi a kan igiya minti 20 har koren ya ɓace ko a tsakiya. Tsomawa uku ta ba da shuɗi mai haske, takwas ta ba da mai duhu. A ɗauraye, a jiƙa minti goma a ruwan da aka sa wa binega, a wanke da ruwan zafi da sabulu. Sitaci ya koma ƙarshe, gram 20 zuwa 30 a lita, a dafa shi tsararo, ranar da za a yi wadari ko jajiberinta. Agusta a Kumasi ruwa yakan ɗan tsagaita tsakanin damina biyu, shanya ta yi sauƙi.

## Satumba: sakamako

Masaƙin ya yi wadari da zare ɗaya ba tufka, ya saƙa abin da ya isa riga. Tsinkewa ta koma jefi-jefi, kuma inda ya tsinke a datse yake, galibi a wurin da ya yi siranta da yawa. An goga busasshen farin ƙyalle a kan shuɗin, ya ɗauki ɗan dishi-dishi. Jiƙaƙƙe ya ɗauki fiye da haka kaɗan, wanda halin shuni ne ko a hannun gwanin marini. Tsohon keken bai tafi ba: da shi take kaɗa abawa mai kauri, da shi take tufka.

## Hukunci

Keken Jamus ba shi da aibi, ɗan da ya saye shi ma bai yi ganganci ba. An zaɓe shi ne ba tare da an tambayi murɗi nawa yake bayarwa a taku ba, da kuma ko ana iya kashe jansa gaba ɗaya. Waɗannan tambayoyi biyu sun fi sunan kamfani da kyan katako muhimmanci ga mai kaɗin auduga. Keken da bai kai murɗi 20 a taku ba zai wahalar da mai neman siririn zaren tsaye, 40 zuwa sama shi ne wurin hutawa. Mai kaɗa gashi ko abawa kuwa 6 zuwa 10 ya ishe shi.

Wata huɗu aka yi ana gyaran abin da ba a auna ba, alhali alamar tana bakin zaren tun Disamba, masaƙin ma ya faɗe ta da ya kira shi abawa. Ruwa da sitaci suna taimakon zaren da ya riga ya murɗu, ba sa maye gurbin murɗi. A rini ma tsallake dahuwa ne babban kuskure, ƙarin shuni kuma ya daɗa ɓata lamarin.

Akwai abin da bai warware ba. Yanzu gurza da shiɓa ne suka fi cin lokaci, sabon keke yana cinye sutun yini cikin 'yan awanni. Haidros yana lalacewa da wuri a danshin Kumasi in an buɗe ledarsa, dole a riƙa sayen kaɗan-kaɗan a ajiye a kwalba mai murfi. Ruwan rinin da ya mutu ma yana da kaifi, kuma a gidan haya mai magudana ɗaya ba a gama shawarar inda za a riƙa zubar da shi ba.